Tsufa da Haƙƙin Halittun Tsakar Gida

Gidan karkara a ƙasar Hausa, ko da yake ana kiransa da sunan mutum ɗaya, wato maigida, bai taɓa zama mazaunin 'yan Adam su kaɗai ba, domin bayan awaki da tumakin da ke turke da kajin da ke akurki, waɗanda dukiya ce da ake lissafawa, akwai wata jama'ar da ba a saye ta ba kuma ba a gayyace ta ba, kamar ƙadangarun da ke shan hantsi a kan katanga, da kurciyoyin da ke tsintar tsaba a gindin turmi, da zanzaron da ke ginin laka a kusurwar ɗaki, da kwaɗin da ke fakewa a gindin randa, da bushiyar da ke ratsa danga bayan isha'i. Mai jini a jika ba ya cika lura da su, saboda gari na wayewa ya nufi gona ko kasuwa, idan kuma an kammala girbi ya tafi cin rani, wato neman kuɗi a birane har zuwa faɗuwar damina. Waɗanda suka san su ɗaya bayan ɗaya su ne tsoho da tsohuwa, waɗanda ƙarfi ya ragu har duniyarsu ta taƙaita tsakanin ɗaki da zaure da masallacin ƙofar gida, kuma su ne ake gani suna watsa ragowar tsaba ko suna zuba ruwa a kasko su ajiye a inuwa.

Abin tambaya shi ne ko wannan kulawa alama ce ta rashin aikin yi, kamar yadda matasa da yawa suke ɗauka, ko kuwa tana da wani matsayi a addini da hankali. Amsar ta dogara ga ma'aunin da aka ɗauka. Akwai ma'aunin amfani, wanda yake kimanta kowane abu da gwargwadon abin da yake kawowa gida, akwai kuma ma'aunin haƙƙi, wanda yake tambayar abin da ya wajaba a kan mutum game da mai rai ko da ba ya tsinana masa komai. A bisa ma'auni na farko akuya tana da daraja, kurciya kuwa ba ta da ita sai ranar da ta faɗa tarko. Sai dai duk wanda ya riƙi wannan ma'auni da gaske ba zai iya tsayar da shi a kan dabbobi kawai ba, domin tsohon da ya daina noma kuma ya daina zuwa kasuwa shi ma ba ya kawo komai, yana ci ne daga rumbun da bai zuba wa hatsi ba a bana. Saboda haka maganar ƙananan halittu da maganar tsufa suna da tushe guda, kuma gidan da ya saba auna halittun da amfani ba ya daɗewa bai auna tsofaffin da shi ba, ko da kunya ta hana a furta.

Alƙur'ani bai bar wannan al'amari a buɗe ba. Aya ta 38 a Suratul An'am ta bayyana cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikai al'ummomi ne irin na mutane, wato kowane jinsi yana da tsarinsa da arzikinsa da ajalinsa, aya ta 6 a Suratu Hudu kuma ta ɗora ciyar da kowace dabba a kan Allah, wanda ya san matabbatarta da ma'ajiyarta. Akwai surori uku masu ɗauke da sunan halittun da ba su wuce girman ɗan yatsa ba, su ne ta 16 mai sunan ƙudan zuma, da ta 27 mai sunan tururuwa, da ta 29 mai sunan gizo-gizo, kuma dukkansu ukun ana samunsu a gidan ƙauye ba tare da an fita ƙofa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, wato 1111 Miladiyya, ya ware littafi guda kusa da ƙarshen Ihya'u Ulumiddin domin tafakkuri, ma'ana zurfafa tunani a kan halitta don a san Mahalicci, kuma cikin misalan da ya kawo akwai saƙar gizo-gizo da ginin ƙudan zuma, tare da lura cewa yawan ganin abu shi yake kashe mamakinsa a zuciya. Tafakkuri yana bukatar abubuwa biyu da ƙuruciya ke rowarsu, wato zama wuri ɗaya da sararin lokaci, kuma su ne ainihin abin da tsufa yake bayarwa ko mutum bai nema ba.

Game da tsufan kansa, aya ta 54 a Suratur Rum ta kasa rayuwa gida uku, rauni da ƙarfi da kuma wani raunin mai zuwa tare da furfura, kuma wannan rauni na biyu yana mayar da mutum ga halin da ya manta, na jiran abinci daga hannun wani. A nan ne tsoho yake kusantar halin tsuntsu fiye da kowa a gidan, domin Suratul Ankabut, aya ta 60, ta yi nuni ga dabbobi masu yawa da ba sa ɗaukar guzuri amma ana ciyar da su, kamar yadda Hausawa suke cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar ya kafa tsuntsu misali na tawakkali, wato dogaro ga Allah, domin yana fita da safe da yunwa ya dawo da yamma a ƙoshe, kuma malamai sun daɗe suna jan hankali cewa tsuntsun fita yake yi, ba ya kwana a sheƙa yana jira. Ba daidai ba ne, duk da haka, a ɗauka cewa furfura da kanta tana koyar da wannan darasi, domin Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas cewa ɗan Adam yana tsufa alhali abu biyu suna ƙara ƙuruciya a tare da shi, son dukiya da son tsawon rai, kuma kowane gari ya san dattijon da yake ƙirga damman rumbu yana zargin jikoki. Tsufa dama ce kawai, wasu su ci moriyarta wasu ta wuce su.

Ta fuskar aiki kuwa, shari'a ta buɗe wa mai rauni ƙofar lada da ba ta bukatar ƙarfi ko dukiya. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya shuka amfanin gona, sannan mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga ciki, an rubuta masa sadaka, kuma a cikin labarin mutumin da ya shayar da kare aka gafarta masa, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai cewa akwai lada a kyautata wa duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. A ɗaya gefen akwai matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ya san bazarar ƙasar Hausa, tsakanin watan Maris da Mayu, lokacin da tafkuna suka ƙafe kuma ake ganin tsuntsaye sun buɗe baki a inuwa saboda zafi, ya san cewa kaskon ruwan da tsohuwa ta ajiye a gindin darbejiya yana cikin abin da waɗannan hadisai suke magana a kai kai tsaye, ba sai an yi tawili ba.

Amma addini bai mayar da wannan tausayi mara iyaka ba, kuma a nan ne fiƙihu ya fi wa'azi amfani. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wato 996 Miladiyya, littafin da ɗaliban zaure a ƙasar Hausa suke karantawa bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta kawo wannan batu a babukanta na ƙarshe daki-daki. Ta ce macijin da ya bayyana a gidajen Madina ana yi masa gargaɗi sau uku kafin a kashe shi, kuma yin haka a wasu garuruwa abu ne mai kyau, amma na daji ba a yi masa gargaɗi. Ta karhanta kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta, karhanci kuwa shi ne abin da barinsa ya fi yinsa ko da ba a yi wa mai yinsa uƙuba ba. Ta halatta kashe tururuwa idan ta cutar kuma ba a iya kauce mata ba, tare da cewa barinta ya fi soyuwa, ta yi umarni da kashe tsaka, ta kuma karhanta kashe kwaɗi. Idan aka haɗa wannan da hadisin Nana A'isha a kan halittu biyar da ake kashewa ko a cikin Harami, su ne hankaka da shirwa da kunama da ɓera da kare mai cizo, da kuma hadisin Ibn Abbas a Abu Dawud da ya hana kashe wasu huɗu, cikinsu har da tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda, sai a ga cewa iyakar da aka shata ta ginu ne galibi a kan cutarwa, kuma babu inda aka ce a kashe wani abu don kawai ba shi da amfani. Abin lura ma shi ne ƙwarƙwata, wadda babu mai jayayya a kan halaccin kashe ta, an kiyaye mata haƙƙin kada a azabtar da ita da wuta.

Manomi yana da hujjarsa, kuma hujja ce mai nauyi. Janbaki yakan sauka a gonar gero ko dawa cikin garke mai duhunta sama ya cinye wahalar shekara a 'yan kwanaki, gara tana cin azara da ƙasan rumbu, gafiya tana haƙa ƙarƙashin ɗaki, shirwa tana sure 'yan tsaki a gaban mai su, kuma wanda kunama ta taɓa harbar ɗansa ba ya bukatar fatawa kafin ya ɗauki takalmi. Shari'a tana tare da shi a duk wannan. Abin da ba ta tare da shi a kai shi ne wuce gona da iri, kamar yaran da ake bari suna harbin ƙadangaru da danƙo don wasa, ko ƙona sheƙar da ba ta tsare wa kowa hanya ba, ko barbaɗa guba a mushe don kashe kare ɗaya ta hallaka duk abin da ya sauka a kai. Sau da yawa muryar da ke tsawatarwa a kan irin wannan ta kaka ce, kuma akan yi mata dariya, alhali ita ce take kan nassi ko da ba ta taɓa buɗe Risala ba.

Dogon zama yana haifar da wani ilimi kuma, wanda ba a rubuta shi ba. Tsofaffi ne suke lura da isowar shamuwa, tsuntsuwar da take hayayyafa a itatuwan garuruwan Sahel da damina sannan ta yi ƙaura zuwa gabashi da kudancin Afirka da rani, kuma ganinta yana sa a fara sharar gona da gyaran iri. Su ne kuma suka fara cewa ungulu ta yi ƙaranci a mahauta da kan kukoki, maganar da masana suka tabbatar, domin a shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya irin ungulun da aka saba gani a garuruwan Afirka ta Yamma cikin jerin waɗanda suke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta don magani da tsafi. Saurayi ɗan shekara ashirin ba zai ji rashin abin da bai taɓa gani da yawa ba, don haka shaidar raguwar halittu tana hannun wanda ya ga yawansu.

Akwai wani ɓangare mai duhu da ya kamata a faɗa a fili. A wurare da dama kukan mujiya a kan ɗaki ana fassara shi da mutuwa, ana kuma jifanta, ko da yake Annabi ya kore camfi da tsuntsaye a hadisi ingantacce, kuma mujiya tana cikin masu rage ɓerayen da suke ɓarnar rumbu. Mafi muni shi ne wannan camfi yakan tsallaka daga tsuntsu zuwa mutum, ta yadda tsohuwar da ta rasa miji da 'ya'ya, take zaune ita kaɗai tana magana da kyanwarta, musamman idan gigin tsufa ya kama ta, wato ruɗewar tunani da mantuwa da kan zo wa wasu a ƙarshen rayuwa, sai a fara raɗe-raɗin cewa mayya ce, a hana yara cin abincinta, wani lokaci ma a kai ga duka ko kora. Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na shekaru a Suratun Nahli, aya ta 70, a matsayin halin da mutum yake rasa sanin abin da ya sani, kuma bai ɗora wa mai shi laifi ba, Suratul Isra'i kuma ta hana ko da nuna ƙosawa ga iyayen da suka tsufa. Kyanwar da tsohuwar take magana da ita, a ruwayar Muwaɗɗa ta Imam Malik, tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida kuma ba najasa ba ce. Saboda haka tsohuwar ba ta aikata abin zargi ba, masu zarginta ne suka haɗa camfi da ƙazafi da cutar da mai rauni, kuma wajibi ne limamai da masu unguwanni su faɗi hakan a bainar jama'a tun kafin magana ta kai ga taron dangi a ƙofar ɗakinta.