Shin Ya Halatta A Ɗaure Wanda Ya Birkice?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya zauna cikin birnin Kano, a Yakasai ne ko Mandawari ko Madabo, ya san yadda abin yake aukuwa. Ana zaune ƙalau, sai a ji hayaniya ta tashi daga wani gida a cikin lungu. Saurayi ne, ko mai jego, ko dattijon da aka sani da kamun kai, ya kasa zama wuri ɗaya. Yana kai da komowa, yana sambatu, yana fizge-fizge, in ya zabura zai fita aka tare shi sai ya kai duka. Kafin a ankara soro ya cika da maƙwabta, yara sun hau katanga, majiya ƙarfi sun danne shi, wani ya ruga neman igiya, wani kuwa ya ɗauko bulala, yana cewa ai ba mutumin ake duka ba, abin da ke jikinsa ake duka. Galibin waɗannan mutane taimako suka zo yi. To, amma kyakkyawar niyya ba ta halatta kowane aiki, don haka ya kamata a bincika: mene ne haƙƙin wannan bawan Allah a kan waɗanda suka kewaye shi?

Ba za a iya yanke hukunci ba sai an san abin da ake hukunci a kansa. Likitoci sun tabbatar cewa wannan birkicewa alama ce, ba ita ce cutar ba, kamar yadda zazzaɓi yake alama. Abubuwan da ke haddasa ta kuwa suna da yawa, kuma da dama daga cikinsu ba su da alaƙa da abin da jama'a ke kira hauka. Zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa yana kawo ta. Haka ma sanƙarau, wanda mutanen Kano ba za su manta da annobarsa ta shekarar 1996 ba. Buguwa a ka, da ƙarancin iska a cikin jini, da fitsari da ya toshe wa tsoho, da ruɗewar da ke biyo bayan tashin farfaɗiya, duk suna iya sa mutum mai haƙuri ya koma kamar ba shi ba. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura, idan sukarin jininsa ya faɗi ƙasa, sai ya yi ta gumi da karkarwa da faɗa. An fi ganin wannan cikin Ramadan, maganinsa na farko kuwa ruwan sukari ne idan yana iya haɗiya, kuma karya azumi a wannan hali wajibi ne, domin rai ne ke cikin haɗari.

Akwai kuma abin da ake sha. Zaƙami, wanda ba a banza aka yi masa laƙabi da haukata-yaro ba, da wiwi, da taramol, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a shekarar 2018, shansu yana birkita mutum, barin wasunsu farat ɗaya ma yana birkita shi. Sa'an nan a zo kan cututtukan ƙwaƙwalwa na ainihi, irin wanda mutum ke jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi, ko wanda yake kwana da kwanaki ba barci yana ta surutu da ɓarnar dukiya, ko wanda ke kama mace ɗaya ko biyu cikin dubu a makonnin farko na jego. Tsofaffi masu ciwon mantuwa kuwa ruɗewarsu ta fi tsananta da faɗuwar rana. Da yake jama'a sun daɗe suna jin tsoron lokacin magariba, nan da nan sai a ce iska ce.

Musulmi ba ya musun samuwar aljannu, kuma addu'a da ruƙiyya ta halal alheri ce ga kowane majinyaci. Amma cewa wannan mutum, a wannan dare, aljani ne ya shafe shi, da'awa ce mai bukatar hujja, wanda ya furta ta bisa zato kuwa ya ɗora wa kansa nauyi mai girma. In ya kasance sanƙarau ne, kowace sa'a da aka ɓata ana turare da tsawa tana kusantar da majinyacin ga kabari. Babu abin da ya hana a yi masa tofi alhali ana kan hanyar asibiti. Bulala kuwa, ko da wa aka yi nufi da ita, a fatar ɗan Adam take sauka, shi ne kuma zai wayi gari da tabonta.

Malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba a kan cewa hankali sharaɗi ne na taklifi. Wanda hankalinsa ya gushe ba a rubuta masa zunubi, ba a tsayar masa da haddi. Idan Shari'a ta ɗauke masa horo, wane ne ya ba wansa ko maƙwabcinsa izinin horonsa? Nauyin da aka sauke daga kansa bai ɓace ba, ya koma ne kan masu hankalin da ke tsaye a wurin. Shi idan ya zagi mahaifiyarsa ba a kama shi da laifi. Wanda ya mare shi saboda zagin, shi za a tambaya.

Mai karatu zai iya cewa, to, idan ya ɗauki wuƙa fa, ko ya nufi rijiya? Wannan magana tana kan hanya, kuma wanda bai taɓa kwana da irin wannan majinyaci ba bai kamata ya yi gaggawar zargin danginsa ba. Kiyaye rai wajibi ne, nasa da na waɗanda ke tare da shi, saboda haka riƙe shi a irin wannan hali ya halatta, wani lokaci ma ya wajaba. Sai dai ƙa'ida ce sananniya cewa abin da lalura ta halatta ba ya wuce gwargwadon lalurar. A riƙe gaɓoɓinsa na ɗan lokaci domin a kai shi ga likita. Kada a kifa shi rub da ciki, kada a hau ƙirjinsa ko a shaƙe wuyansa, domin ta haka numfashi ke yankewa, kuma an sha rasa rayuka ta wannan hanya.

Sau da yawa ma ba a kai ga riƙewa ba idan an bi abin a sannu, gama mafi yawan masu birkicewa tsoro ne ke cin su, taron jama'a kuwa ƙara musu tsoro yake yi. A sallami 'yan kallo, a kawar da wuƙa da taɓarya da kaskon wuta. Mutum ɗaya wanda ya fi yarda da shi ya yi masa magana, da murya ƙasa-ƙasa, da gajerun kalmomi, yana kiransa da sunan da ya saba ji na girmamawa, Malam ne ko Baba ko Yaya. Kada a yi masa gardama a kan abin da yake cewa yana gani, kada kuma a matse shi a kusurwa. Asibitin Murtala yana nan kusa da Ƙofar Mata, akwai asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau. In an je, a faɗa wa likita gaskiya: yaushe abin ya fara, ko akwai zazzaɓi, me ya sha. Wani abin lura shi ne, wasu magungunan ƙwaƙwalwar su kansu suna sa ƙafafu su kasa tsayawa wuri ɗaya, sai dangi su zaci ciwon ne ya ƙaru su ninka maganin, alhali likita ya kamata a koma wa.

Riƙewa na sa'a ɗaya daban, mari da turu na wata da watanni daban. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sasari a ƙafa, a watan Oktoba aka sami irinsa a Daura, Kano ma aka rufe gidajen mari. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba ƙiyayya ta kai su ba, gajiya ce da talauci da ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa. Uzurin iyaye dai ba ya mai da sarƙa magani. Magabata sun keɓe wa irin waɗannan majinyata ɓangare a asibitin da Ahmad ɗan Ɗulun ya gina a Masar wajen shekarar 872, watau sun ɗauke su marasa lafiya, ko da yake gaskiya ita ce su ma sun yi amfani da sarƙa, domin ba su da magungunan da ake da su yanzu. A Aro ta Abeokuta, Dokta Adeoye Lambo ya nuna tun 1954 cewa ana iya jinyarsu a cikin ƙauye tare da danginsu. A watan Janairu na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙinsu.

Saura batun sutura. Yanzu a cikin 'yan kallon nan ba a rasa mai ɗaga waya yana ɗaukar hoto, kafin gari ya waye an gani daga Dala har Gwale. Da yawa daga cikin masu birkicewa suna warkewa sarai, wasu cikin kwana biyu ko uku idan zazzaɓi ne ko sukari. Mai jegon za ta koma ɗakinta ta ci gaba da shiga biki da suna, saurayin zai nemi aure a unguwar, dattijon kuma zai koma sahun gaba a masallacin lungu, kafaɗa da kafaɗa da waɗanda suka danne shi.