Kama da wane ba wane ba ne: shibra a gonar hatsi

Hausawa na cewa kama da wane ba wane ba ne. Galibi a kan mutane ake yin maganar, idan yaro ya ɗauko tafiyar ubansa da muryarsa amma bai ɗauko halinsa ba. Sai dai duk wanda ya taɓa duƙawa a kan ramin shuka a ƙasar Damargu ya san cewa a gona ma tana da mazauni.

A Falanko da sauran garuruwan Tanut da Belbeji damana gajeriya ce, ruwan shekara sau da yawa ba ya kai milimita 300. Manomi ba ya wasa da ruwan farko. Wasu ma binne suke yi, su zuba iri a busasshiyar ƙasa su jira ikon Allah. Mai sungumi na gaba yana sara, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Ba ƙirga ƙwaya ake yi ba, abin da yatsu suka ɗebo ne, shi ya sa kwana uku ko huɗu bayan ruwa sai ka ga rami guda ya fito da tsiro cunkus. Ƙarangiya da burburwa su ma ba a bar su a baya ba, amma sha'aninsu mai sauƙi ne, tsakanin ramuka suka fi fitowa, noman firi ya kwashe su.

Wahalar tana cikin ramin kansa, sunanta shibra. Ita ba baƙuwa ba ce, jinin hatsi ce. Hatsin da muke ci daga na daji ya samo asali. Masu tonon tarihi sun samu burbushinsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, mai shekaru wajen 4,500. Na dajin nan bai ƙare ba, yana nan a gefen hamada, kuma iska ce ke ɗaukar garin furen hatsi daga wannan kai zuwa wancan, ba ta tambayar na gida ko na daji. Abin da wannan cuɗanya ta haifa shi ne shibra. Tana ƙarama, ganyenta na hatsi ne, launinta na hatsi ne. Sai ta fid da kai asirinta ke tonuwa: zangarniya 'yar siririya, ƙwaya ƙanana, kuma da ta nuna sai ta zube ƙasa tun kafin a zo girbi, ta ajiye wa baɗi nata irin.

A nan ne karin maganar ke tsananta. Da a ce manomi na da damar jira, da ya bar kowa ya girma ya nuna halinsa. Ba shi da ita. Sati biyu zuwa uku bayan tsiro dole ya rage ramin, ya bar kamar ƙafa uku, in ba haka ba duk su shaƙe juna a kan ɗan danshin da ke akwai. Hukunci zai yanke a lokacin da shaida ba ta gama bayyana ba. Tsofaffi na da alamominsu, sukan tsige mai siririn ganye su bar mai kaurin gindi, kuma sukan dace. Amma je ka gona a watan Satumba ka duba, ko ta gwanin manomi ce za ka tarar da shibra tsaye a ramin da aka cire hatsi na gaske aka bar ta.

Ni a ganina maganin ba a ido yake ba, a iri yake. Wanda ya jira damana ta faɗi sannan ya ɗebi na ci daga rumbu ya sussuka, ko ya sayi tiya biyu a kasuwa bai san gonar da ta fito ba, ya riga ya shuka shibrarsa da hannunsa. Wanda kuwa ya shiga gona da kaka ya zaɓi zangarniya ɗaya bayan ɗaya, cikakku masu kamannin irinsa, ko Ankutes ne na Damargu mai gajeren kai ko HKP na cibiyar bincike ta INRAN, ya ɗaure su daban ya rataya, ya rage wa kansa rabin shakkar ranar ragi. Da kaka ake iya bambance wane da mai kama da wane, domin a lokacin kowa ya fid da abin da ke cikinsa.

Kada dai a zalunci shibra. Takan riga hatsi nuna, kuma a kwanakin da rumbu ya ƙare sabo bai iso ba, gidaje da yawa da ita suke riƙe ciki. Shi ya sa wasu ke ganin ta su kau da kai.

Kuskuren yakan zo ta ɗaya ɓangaren ma. Shekara da shekaru ana sare tohon sabara da kalgo da gawo lokacin sassabe, ana ɗaukarsu dattin gona, alhali kututture ne mai rai da saiwa a ƙasa. Tun daga 1983, da Tony Rinaudo da manoman Maradi suka soma barin tohon suna gyara shi, abin da ake kira sassabin zamani, an ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya sake samun itatuwa a Nijar, mafi yawa a jihohin Maradi da Damagaram.

Don haka manomin Damargu, bana in kaka ta yi, kafin a ɗaure damma ka ware na iri tukuna.