Canjin Kuɗin Guzuri a Ma'aunin Shari'a

Canjin kuɗi, wanda malaman fiƙihu ke kira sarfu, shi ne sayar da kuɗi da kuɗi. Duk mai shirin fita ƙasar waje daga arewacin Zamfara sai ya bi ta kansa, ko maniyyaci ne daga Kaura Namoda mai neman dala da riyal, ko ɗan kasuwar Zurmi mai shiga Maraɗi ta Jibiya da sefa a aljihu, ko wanda ya sayar da shanunsa a kasuwar Shinkafi domin zuwa Umara. Abin da ke gaban kowa shi ne inda zai samu sauƙin farashi. Fiƙihu kuwa yana duba irin sauƙin da ya halatta da wanda bai halatta ba.

Tushen hukuncin shi ne hadisin Ubadatu ɗan Samitu da Imamu Muslim ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci zinare, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri. Idan za a musanya abu da jinsinsa, dole su zo daidai wa daida, kuma a karɓa hannu da hannu. Idan jinsin ya bambanta, kamar zinare da azurfa, farashi yana hannun masu ciniki, amma sharaɗin hannu da hannu yana nan daram.

Naira takarda ce, ba zinare ba, shi ya sa wasu suka yi zaton hukuncin bai hau kanta ba. Mazhabar Malikiyya, wadda ake karanta Risala da Mukhtasar ɗinta a zaurukan ƙasar Hausa, ta daɗe da rufe wannan ƙofa. A cikin Mudawwana an ruwaito cewa Imamu Malik yana ganin ko fata ce mutane suka buga wa hatimi suka mayar da ita kuɗi, ba zai yarda a sayar da ita da zinare ko azurfa a kan jinkiri ba. Mutanen da kakanninsu suka yi ciniki da kuɗin wuri ba za su sha wuyar gane wannan ba: yardar jama'a ce ke mayar da abu kuɗi. Bayan Amurka ta raba dala da zinare a 1971, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1982, da ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a Amman a 1986, sun tabbatar da cewa kuɗin takarda yana ɗaukar hukuncin zinare da azurfa. A kan haka ake ɗaukar kuɗin kowace ƙasa a matsayin jinsi mai zaman kansa.

Ke nan shari'a ba ta ƙayyade naira nawa za a ba da a karɓi dala ɗaya ba. Zagayawa wurin 'yan canji, buga waya Wapa ta Kano a ji yadda kasuwa ta kwana, tayawa da ragewa, duk halal ne, har ma suna cikin tattalin dukiya da addini ya yi umarni da shi. Sanin yadda kuɗaɗen ke tafiya yana taimakawa. Riyal na Saudiyya ɗaure yake da dala a kan 3.75 tun 1986, sefa kuma ɗaure take da yuro a kan 655.957 tun 1999, don haka mafi yawan hawa da saukar da matafiyi ke gani daga naira yake fitowa. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ga kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, a watan Maris kuma hukumar alhazai ta ƙasa ta nemi maniyyata su cika kusan naira miliyan 1.9 a kan abin da suka riga suka biya. Wanda ya sayi guzurinsa da wuri, ya biya ya karɓa, bai yi laifi ba. Haka wanda ya guji canji biyu, daga naira zuwa dala sannan daga dala zuwa riyal, domin kowane canji ɗan canji na cire ribarsa.

Wannan 'yanci yana da iyaka idan ɗaya daga cikin masu cinikin bai san kasuwa ba. Dattijon da ya fito daga ƙauye, bai taɓa riƙe dala ba, ya ce wa ɗan canji ya ba shi yadda ake ba kowa, ya miƙa amana ne. Malikiyya sun ba irin wannan mutum damar warware ciniki in ya gano an tsawwala masa. Haka lamarin yake a kan iyakar Nijar, inda ake ƙirga sefa da dala, wato faran biyar, da jika, wato faran dubu: amfani da ruɗewar baƙo a lissafi algus ne.

Inda aka fi faɗawa cikin kuskure shi ne lokaci. Muwaɗɗa ta kawo labarin Malik ɗan Ausu, wanda ya kai dinari ɗari canji wurin Ɗalha ɗan Ubaidullahi. Ɗalha ya karɓi zinaren, ya ce a jira ma'ajinsa ya dawo daga Gaba, wani wuri a bayan Madina. Umar ɗan Khaɗɗabi yana ji, sai ya hana su rabuwa har sai an biya. Ɗalha yana cikin sahabbai goma da aka yi wa bushara da Aljanna, ba wanda ke tsoron zai ci kuɗin wani, amma amincinsa bai ɗage sharaɗin ba. Wannan shi ne abin da ke ɓace wa masu cewa ai mutumina ne, mun daɗe tare.

Siffar da aka fi gani ita ce ɗan canji ya ce a kawo naira yau, a karɓi dala jibi, zai rage wani abu a farashi. Ragin nan kuɗin jinkiri ne, kuma shi ne ainihin ribar da aka hana. Akwai kuma akasinsa: maniyyaci ya karɓi dala yanzu, a yanka masa farashi mai tsada a naira, ya biya idan kaka ta yi. Dukansu ɓatattun ciniki ne. Mafita ga na biyun ita ce ya ranci dala ya biya dala, ko kuma ranar biya su yarda ya ba da naira a farashin wannan ranar, su rabu babu sauran bashi. Cewa a waya a ajiye wa mutum dala a kan farashin yau ba ya zama ciniki sai ranar da aka haɗu, kuma Malikiyya sun tsananta har a kan irin wannan alƙawari. Hikimar a fili take a ƙasar da naira kan canza tsakanin safe da yamma: duk jinkiri yana sa ɗaya ya ci, ɗaya ya yi asara, daga nan sai rigima.

Idan kuɗin jinsi ɗaya ne, fifiko ma haramun ne. 'Yan canji kan ba tsohuwar takardar dala ɗari da ƙananan takardu farashi ƙasa da na sabuwa mai shuɗin zare da ta fito a 2013. A canji da naira wannan ya halatta. Amma a ba da tsohuwar ɗari a karɓi casa'in da biyar sababbi riba ce, kamar yadda sayar da sababbin takardun naira da ƙari a farkon 2023 ya kasance. Hanyar da Annabi ya nuna wa Bilal game da dabino mai kyau da maras kyau ita ce a sayar da wanda ke hannu da wani kuɗi, sannan a sayi wanda ake so.

Tura kuɗi ta waya ya kawo sabuwar tambaya. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta amince cewa shigar kuɗi asusun mutum karɓa ce. A Zamfara, yankin da sabis ke ɗaukewa, inda har aka rufe layukan waya baki ɗaya a watan Satumban 2021, abin da ya fi tsira shi ne kada a rabu sai an tabbatar kuɗin sun shiga. Hoton rasit a fuskar waya bai isa shaida ba.

Mas'alar da ta fi nauyi ga mutanen Zurmi da Shinkafi ita ce hanya. Ɗaukar tsabar kuɗi daga can zuwa Gusau, a shekarun nan na 'yan bindiga, jefa rai ne cikin haɗari. Shi ya sa da yawa ke ba da naira a gida, su karɓi riyal a hannun wakilin ɗan canji a Makka. Malikiyya na farko ba su so a ba da kuɗi a wani gari a karɓa a wani ba, amma Shehu Khalil, mai Mukhtasar, ya togace lokacin da tsoro ya game hanya, kuma da wuya a samu misalin hakan da ya fi na wannan yanki. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yi hukunci a Abu Dhabi a 1995 cewa ana iya haɗa canji da aike, matuƙar an fara kammala canjin: a yanke farashi a zama guda, a biya naira, a rubuta wa mai kuɗi takardar adadin riyal ɗinsa. An gina hukuncin ne a kan bankuna, don haka kafin a auna ɗan canji da su sai ya zama riyal ɗin yana hannunsa ko hannun wakilinsa a lokacin, ba wai zai je nemowa ba.

Saura batun kasuwar bayan fage. Malamai sun saɓa: wasu na ganin ciniki ne tsakanin masu yarda, wasu na ganin bin dokar hukuma wajibi ne idan an kafa ta don maslahar jama'a. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne ƙarya. Wanda ya nuna takardun tafiyar da ba zai yi ba don ya karɓi dalar banki da aka ware wa matafiya, ya fita ya sayar, ya ci haƙƙin maras lafiya ko ɗalibin da aka tanadar wa ita, ko da cinikin da ya yi a waje ya cika sharaɗin hannu da hannu.