Ruwan Jakara Tsakanin Tsarki da Cutarwa

  

Ka sani, ya ɗan'uwa, duk kwatar da ke birnin Kano tana da inda ta nufa. Da yawansu ƙoramar Jakara suke faɗawa, ɗauke da ruwan wanki da na makewayi da jinin mayanka. A can gaba rafin Getsi ya tarye ta da dagwalon masana'antun Bompai, su ɗunguma zuwa madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir. A gaɓar wannan ruwa 'yan lambu ke noman latas da alayyafo da kabeji, kuma ba su yi ƙarya ba da suke cewa ruwan yana da taki. Akwai naitirojin da fosforas a cikinsa, waɗanda su ne manomi ke saya da tsada a buhun NPK.

Sai dai abin da ya zama albarka a gindin shuka, idan ya taru a ruwan da ke kwance, fitina ne. Gansakuka da kainuwa su ci su ƙoshi, su rufe fuskar ruwa, hasken rana ya kasa ratsawa. In sun mutu, ƙwayoyin da ke ruɓar da su su zuƙe iskar da kifi ke shaƙa, ruwa ya yi baƙi, ya ɗau warin ruɓaɓɓen ƙwai.

A nan nake roƙon almajiran fiƙihu su tsaya su yi nazari. Mun karanta tun daga Ishmawi har zuwa Risala cewa da launi da ɗanɗano da ƙanshi ake gane ko ruwa ya jirkita. Malikiyya kuma sun tafi a kan cewa shukar da aka shayar da ruwan najasa mai tsarki ce. Wannan duk daidai ne a babinsa, babin ibada. Amma naitiret, wanda ke samuwa daga naitirojin ɗin nan, ba ya sauya ko ɗaya daga siffofin nan uku. Yana tsatsafowa daga kwata da masai ya shiga rijiyar gida, ruwan garau, alwala da shi ta inganta, alhali idan aka dama wa jariri koko da shi yana iya hana jininsa ɗaukar iska har leɓɓansa su yi shuɗi. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance shi a miligiram 50 cikin kowace lita ta ruwan sha. Haka kuromiyam na majemu: ganye ya zuƙe shi, ido bai gani ba. Hukuncin waɗannan yana ƙarƙashin ƙa'idar gusar da cuta, kuma wannan ƙa'ida ba ta aiki sai da awo.

Annabi (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. To, ina ga wanda ya haɗa bututun masansa da kwatar unguwa cikin dare, ko mai masana'antar da ya saki ruwan jima ba tare da tacewa ba? Wanda zai sha yana can ƙasa da shi, bai san shi ba balle ya nemi yafiyarsa.

A ganina auna rijiyoyin da ke kusa da kwatoci farilla ce ta kifaya a kan hukuma da masana. Iyaye mata kuma a gaya musu daga kan mumbari cewa tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma naitiret ba ya bin tururi. Ƙara kauri ma yake yi a tukunya.