Bashin Kantunan Intanet a Ma'aunin Shari'a

Babu wani daga cikin malaman Musulunci, na da ko na yanzu, da ya taɓa cewa sayen kaya bashi haramun ne, domin ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari, ta hanyar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayi abinci a wurin wani Bayahude zuwa wani ajali, ya kuma ba shi sulkensa jingina. Saboda haka, idan muka tsaya bincike a kan irin bashin da manyan kantunan intanet na Amurka da Ingila suke buɗe wa masu sayayya, asalin cin bashi ba ya cikin abin tuhuma. Abin da muke so mu gane shi ne wane irin ƙulli mutum yake ƙullawa sa'ad da ya danna maɓallin amincewa, da wa yake ƙulla shi, kuma me yake faruwa ga abin da ke wuyansa idan wata ya shuɗe, wani ya kama, bai biya ba.

Al'adar ta girmi intanet nesa ba kusa ba, domin tun a 1856 kamfanin Singer ya fara sayar wa iyalan Amurka keken ɗinki a kan su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Abin da zamani ya ƙara shi ne sauri. Mai sayayya ya gama zaɓen kayansa, ya zo wurin biya, sai a nuna masa tayi: ya buɗe asusu da kantin, a rage masa wani abu daga kuɗin wannan sayayya ta farko, ya biya daga baya. Idan ya yarda, sai ya rubuta sunansa da inda yake zaune da abin da yake samu a shekara da lambar shaidarsa ta hukuma. Nan take kwamfuta ta tuntuɓi kamfanonin da sana'arsu ita ce ajiye tarihin bashin mutane, irin su Experian da Equifax da TransUnion, ta auna ko mutumin mai cika alkawari ne, kafin ya ɗauke ido daga allon an yanke masa iyakar abin da zai iya ɗauka. Galibi wannan asusu ba ya aiki sai a kantin da ya buɗe shi. A ƙarshen kowane wata a aiko masa da lissafi, a ba shi zaɓi: ko ya biya duka kafin ranar da aka sa, babu ƙari a kansa, ko ya biya ɗan abin da suka ƙayyade a matsayin mafi ƙaranci, sauran ya ƙetara zuwa wata mai zuwa ɗauke da kuɗin ruwa.

Akwai wani abu a nan da yawancin masu sayayya ba su lura da shi, alhali kuwa a kansa hukuncin yake ratayawa. Sunan kanti ne a jikin asusun, amma sau da yawa kantin ba shi ne mai bin bashin ba. Katin kantin Amazon a Amurka, alal misali, bankin Synchrony ne yake bayar da shi. Kanti ya karɓi kuɗinsa cif daga banki, ya fita daga maganar. Abin da ya saura tsakanin mai saye da banki kuɗi ne aka ranta, kuɗi kuma za a mayar. Ciniki ya ƙare tun a ranar farko, rance ne ya ci gaba.

Kuɗin ruwan irin waɗannan katuna a Amurka yakan kai wajen kashi 30 cikin 100 a shekara, sama da na katunan banki na yau da kullum. Mu ɗauka ana bin mutum dala 1,000 a kan wannan ƙa'ida: ruwan wata guda ya kama dala 25, ta yadda idan ya biya dala 35 yana ganin ya yi ƙoƙari, dala 10 kacal ce ta taɓa uwar kuɗin. Wannan al'amari ya yi tsanani har majalisar dokokin Amurka ta kafa doka a 2009, wadda ta tilasta wa masu ba da kati su rubuta a jikin takardar lissafi tsawon lokacin da mutum zai ɗauka idan ya tsaya a kan biyan mafi ƙaranci. Akwai kuma wata dabara da ta fi wannan ɓoyuwa, wato a ce wa mai saye babu ruwa a kansa har wata 6 ko 12, da sharaɗin ya kammala biya a cikin wa'adin. Idan wa'adin ya cika da saura a kansa, komai ƙanƙantarsa, sai a koma tun ranar da ya sayi kayan a lissafa masa ruwan dukan watannin a ɗora masa gaba ɗaya. Ashe ruwan yana taruwa tun farko, jinkirta nuna shi kawai aka yi.

To, ina matsayin wannan a fiƙihu? Jamhurin malamai, har da Malikawa waɗanda suka fi kowa tsananta bincike a babin cinikin ajali, sun halatta mutum ya sayar da kayansa da tsada idan bashi ne fiye da yadda zai sayar kuɗi hannu. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990, ta ce ya halatta a ambaci farashin kuɗi hannu da na ajali, muddin masu cinikin ba su rabu ba sai sun tsaya a kan guda. Ta kuma yanke cewa idan wanda ake bi ya makara, bai halatta a ƙara masa ko anini ba, ko an sharɗanta hakan tun farko ko ba a sharɗanta ba.

Mai hankali zai iya tambaya, kuma tambayarsa tana da nauyi: idan an yarda a sayar da firij na dala 1,000 a kan 1,200 saboda za a jira shekara guda, ai an riga an yarda lokaci yana da farashi, to, mene ne laifin banki da ya karɓi 200 ɗin nan da sunan ruwa? Wannan shubuha tsohuwa ce ƙwarai, domin Alƙur'ani da kansa, a aya ta 275 ta Suratul Baƙara, ya ba da labarin waɗanda suka daidaita ciniki da riba, sa'an nan ya raba tsakaninsu da hukunci. Ni dai abin da nake gani, bambancin ba ya bayyana a ranar da al'amura suke tafiya daidai, yana bayyana ne a ranar da mai saye ya faɗi. A cinikin ajali, 1,200 farashin kaya ne, an yanke shi sau ɗaya, ya daskare. In ciwo ya kwantar da mai saye, ko aikinsa ya kuɓuce masa, ya yi shekara biyu bai biya ba, 1,200 ɗin nan dai ita ake binsa, kuma aya ta 280 ta wannan sura ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami yalwa. A asusun kanti kuwa, faɗuwar mai saye ita ce kasuwar banki, domin kowane wata na gazawarsa yana haifar da sabon bashi, sabon bashin kuma ya haifi nasa. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa, daga Zaidu ɗan Aslam, siffar ribar Jahiliyya, wato idan ajali ya cika sai mai bi ya ba wanda ake bi zaɓi tsakanin biya nan take da ƙarin kuɗi a madadin ƙarin lokaci. Duk wanda ya ajiye wannan siffa kusa da takardar lissafin wata-wata da muka bayyana zai ga abu ɗaya ne, sai dai a da mutum ne yake furta zaɓin da bakinsa, yanzu kuwa na'ura ce take maimaita shi sau goma sha biyu a shekara.

Saura mas'alar da ta fi wuya, wato mutumin da ya ce shi ya san kansa, zai buɗe asusun ya ci moriyar ragin, ya riƙa biya kafin wa'adi, ruwa ba zai taɓa hawa kansa ba. Wasu malaman zamani sun yi masa rangwame, suna kafa hujja da ƙissar Barira, baiwar da Nana A'isha ta so ta saya ta 'yanta, iyayen gijinta suka sharɗanta haƙƙin wala'i, wato dangantakar da ke tsakanin mai 'yantawa da wanda ya 'yanta, ya zauna a hannunsu, Manzon Allah ya ba da izinin a yi cinikin, ya bayyana cewa sharaɗin ɓatacce ne ba shi da tasiri. Amma Majalisar Fiƙihu, a zamanta na Riyad a 2000, ta tafi a kan cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da aka gindaya masa sharaɗin riba ba, ko da mai katin ya ƙudurta zai biya a cikin kwanakin da babu ƙari. Wannan ra'ayi na biyu shi ne ya fi kwanta mini a rai, saboda sharaɗin mutanen Barira ya faɗi ne don akwai hukumar da ta kayar da shi, shi kuwa sharaɗin banki kotu ce take tsaye a bayansa, ranar da mutum ya makara za a zartar da shi ko yana so ko ba ya so. Ban da haka, wanda ya yi rantsuwa da abin da zai iya a watan gobe ya yi alkawari da abin da bai mallaka ba. Ban manta da 'yan'uwa mazauna Amurka ba, inda rashin tarihin bashi yakan hana mutum hayar gida. Wannan larura ce da malamin da ya san halin wurin zai auna wa mai ita. Sai dai ragin kuɗin takalmi ko talabijin bai shiga babin larura ba ta kowace fuska.

Akwai wani salo da ya yaɗu daga baya, na raba kuɗin kaya gida huɗu, a biya kashi ɗaya nan take, sauran uku a wa'adi-wa'adi, ba tare da ruwa ba. Kamfanin Klarna, wanda aka kafa a Suwidin a 2005, da Afterpay na Ostareliya suna cikin waɗanda suka shahara da shi, a ƙasashen Larabawa kuma Tabby da Tamara. Su kanti ne yake biyan su la'ada. Malamai sun saɓa a kansa: wasu suna ganin la'adar ladan dillanci ce, wasu suna ganin rance ne da ya jawo wa mai bayarwa amfani. Inda suka fi haɗuwa shi ne haramcin tarar makara, domin ƙari ce a kan bashi saboda lokaci, kuma waɗannan kamfanoni biyu na Larabawa sun janye ta a Saudiyya. Wannan salo ya fi na farko sauƙi nesa, ba na kuma ganin daidai ne a yi musu kuɗin goro.

Amma ko da an tsarkake ƙullin daga riba tas, akwai sauran abin da yake damuna, wanda ya shafi zuciya fiye da takarda. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta shi, a ambaci ajalinsa, wanda ake bi shi ne zai yi shifta da bakinsa, a kira shaidu. Wanda ya yi tadabburin wannan zai ga cewa Shari'a da gangan ta nauyaya ƙofar shiga bashi, don mutum ya ji da kunnensa abin da yake ɗora wa kansa, a gaban mutanen da za su tuna. Ya kuma inganta cewa an kawo wata gawa, Manzon Allah ya tambaya ko ana bin mamacin, da aka ce ana binsa 'yan dinarai sai ya ja da baya daga yi masa salla, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki biyan a wuyansa. Bayan da Allah ya yalwata wa Musulmi, sai ya zama shi da kansa yake sauke bashin wanda ya rasu bai bar abin biya ba. A Sahihu Muslim kuma an bayyana cewa shahada tana kankare wa mai ita komai, ban da bashi. Hausawa sukan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma gaskiya ne; sai dai kasancewar abu a cikin kowa ba ya rage masa nauyi a ranar hisabi.

Ita kuwa fasahar kantin intanet, gaba ɗayanta an gina ta ne a kan ɗauke wa mai saye jin wannan nauyi. Adadin da za a biya a kashi ɗaya shi ake fito da shi fili, sharuɗɗa kuma a tura su wani shafi mai tsawo da ƙananan baƙaƙe wanda kusan babu mai buɗewa. Kanti ba ya yarda ya biya la'ada don tausayin kowa. Ya yarda ne domin ya san wanda aka jinkirta wa biya yakan ɗauki abin da ba zai ɗauka ba in da kuɗi zai ƙirga daga aljihunsa. Tsakanin sha'awar abu da mallakarsa a da akwai tazara ta tarawa da jira, a cikin wannan tazara kuwa sha'awoyi da yawa sukan mutu da kansu, mutum ya gane bai buƙaci abin ba tun asali. Wannan tazara ita aka rufe, kuma ina ganin rufe ta hasara ce ga tarbiyyar rai ko da ba a karɓi ruwa ko kwabo ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin Turawa ne kurum. A Nijeriya yau ana ɗaukar wayar hannu a biya kaɗan-kaɗan, wayar ta kulle kanta idan an makara, kuma tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 mutane suka saba da murabaha, inda banki yake sayen kaya ya mallake shi, sa'an nan ya sayar wa mai buƙata a kan farashi sananne da ba ya motsi. Duk lokacin da aka yi maka tayin ka ɗauka yanzu ka biya daga baya, ya ɗan'uwa, ka daure ka buɗe shafin sharuɗɗan nan, ka nemi layin da ya faɗi abin da zai faru idan ka makara. In ka tarar abin da ake binka zai ƙaru, ka bar kayan a inda suke har Allah ya hore maka kuɗinsu.