Tafakkuri A Dajin Damargu: Darasin Anza

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba, Sallallahu Alaihi Wasallam.

Muridin da ya idar da lazimin safe a Tanut ko Belbeji, ya kamata wani lokaci ya fita bayan gari ya dubi itatuwa, domin tafakkuri cikin halitta ibada ne. Zai ga aduwa da magarya da kandili, kowanne na tasbihi ga Mahaliccinsa.

Sai ya tsaya gun anza. Ƙaramin itace ne, ba ya rabuwa da ganye ko a tsakiyar rani, kuma 'ya'yansa sun tsayar da rayuka da yawa a yunwar 1984 da ta 2005. Amma ba a cinsu ɗanye. Sai mata sun jiƙa su kwanaki suna sauya ruwa, ɗacin ya fita. Mai gaggawa shi ke cutuwa. Nafsu ma ɗacinta ba ya fita da zikirin dare ɗaya, dole sai an maimaita a hannun shehi mai tarbiyya.

Abin takaici, wasu masu tasbaha a hannu su ne ke sare waɗannan itatuwa ɗanye don girki, alhali dashe sadaka ce ga duk wanda ya ci, mutum ko tsuntsu ko dabba.

Allah ya ba mu damina mai albarka.