"Na Bar Su Da Allah": Yafiya Ce Ko Kasawa?



Ranar Litinin bayan la'asar wani dattijo cikin jama'armu, mai sayar da hatsi a Kasuwar Kure, ya miƙo mini takardar bayanan asusunsa, ya ce in duba masa. Lokacin kaka ya karɓi irin bashin nan da banki ke barin ɗan kasuwa ya ciri fiye da abin da ke asusunsa, kuma ya biya kafin wa'adi. Amma ga tarar jinkiri an ɗora masa wata uku a jere, ga wani cajin da ko sunansa ba mu gane ba. Muka tara, ya haura naira 40,000. Na ce, "Baba, gobe sai mu je bankin." Sai ya naɗe takardar ya sa aljihu, ya ce, "Malam, bar su. Mu baƙi ne a garin nan, baƙo ba ya tada ƙura. Na bar su da Allah."

Maganar nan ta kwana a raina. Shin abin da Baba ya yi yafiya ce da ake samun lada a kanta, ko kuwa kasawa ce muka sa wa rigar haƙuri?

Babu mai musun falalar yafiya. Suratus Shura ta yabi mai yafewa, amma a wuri guda ta ɗauke laifi daga wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi. Ƙofa biyu ce, duk a buɗe. Sai dai yafiya tana da sharaɗi: ka san abin da aka ɗaukar maka, kana da ikon karɓowa, sannan ka bari don Allah. To Baba bai san ma nawa ne ba sai da muka lissafa. Da na matsa shi kuma, sai ya faɗi gaskiya: layin banki yake gudu, da Turancin da za a yi masa, da yaran da za su dube shi kamar ɗan ƙauye. Wannan tsoro ne, kuma mu kira shi da sunansa.

Batun baƙunci kuwa, mu tuna Hilful Fudul. Wani fatake ne daga Yaman ya kawo kaya Makka, Al-As ɗan Wa'il ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Baƙon bai yi shiru ba, ya ɗaga murya a bainar jama'a. Dalilin kukansa manya suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka ƙulla alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta. Manzon Allah (SAW) yana saurayi ya halarta, kuma bayan annabci ya yabi wannan alkawari. Ka ga da faken nan ya ce shi baƙo ne, da na bayansa ma an cuce su.

Nan ne nauyin maganar yake. Cajin banki ba a kan mutum ɗaya yake sauka ba. Da yayyafi kogi kan cika. In kowa ya yi shiru a kan naira hamsin, bazawarar da ke ajiye kuɗin ƙosai ita ma ta shiga ciki. A watan Yunin 2020 bankin Access ya cire wa masu asusu harajin hatimi na watanni a dunƙule. Jama'a suka yi ca, bankin ya sanar zai mayar. Waɗanda suka yi magana sun amfani waɗanda ba su iya ba.

Akwai kuma kuɗin da ba ka da hurumin yafewa sam: asusun masallaci, dukiyar marayu, kuɗin adashi, jarin abokin cinikinka. Waɗannan amana ne. Ma'ajin da ya ga an zaftare ya ce ya bar wa Allah, da dukiyar wasu ya yi kyauta.

Wani zai ce, ai mai cin bashin ruwa shi ya jawo wa kansa. Gaskiya ne riba haramun ce, kuma na gaya wa Baba haka ba tare da kwana-kwana ba: ya tuba, ya nemi wata hanya, tunda tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki ba da ruwa ba, wasu kuma sun biyo baya. Amma kuskurensa bai halatta wa kowa dukiyarsa ba. Abin da aka cire ba bisa ƙa'ida ba guminsa ne.

Hanyar kuma a shimfiɗe take. Babban Bankin Najeriya, CBN, yana da kundin ƙa'idar caji; wanda ya fara aiki 1 ga Janairun 2020 ya ƙayyade tarar jinkirin biyan bashi kada ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata na abin da ya saura. Ka nemi bayanan asusunka a rubuce. Ka kai ƙorafi reshenka a rubuce, ka karɓi lambar bin sawu, ka ajiye kwafi. A kan bashi da cajin da ya wuce kima ana ba banki kwana 30. In ba su warware ba, sai ka kai ga sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN, kuma CBN na da reshe nan Minna. Kada ka yi sanya, don ƙorafin da ya wuce shekara shida ba a karɓarsa.

Sai dai adalci gaba da baya ne. Kada ka nemi abin da ka sa hannu ka amince da shi, kada ka ƙara ko sisi a lissafi, kada ka zagi yarinyar da ke kan kanta, ita ma aikenta aka yi. In kuma banki ya yi kuskure ya zuba maka abin da ba naka ba, ka mayar da saurin da kake so a mayar maka.

Baba dai ya yarda, ranar Laraba jikansa ya rubuta masa takarda, muka kai tare. Muna jiran amsa. Ya ce in kuɗin sun dawo rabi na marayun unguwa ne. Na ce, "To Baba, yanzu ka yi sadaka, don da hannunka za ka bayar."

Matasanmu masu karatu, ku duba wa iyayenku saƙonnin da ke shigowa wayoyinsu. Wannan ma taimako ne mai lada. Allah Ya tsare mana halalinmu, Ya kare mu daga cin na wani. Juma'a mai albarka.